Jan Tirela Da Ɗaukar Inji Ba Tare Da Hatsari Ba

A wannan fitowa za mu yi magana a kan wani aiki da ake yi kusan kullum, amma ba a cika koya wa kowa shi ba. Watau jan tirela, da jan motar da ta lalace, da ɗora inji a kan babbar mota.

Ƙungiya takan yi shekaru tana tara kuɗi, ko kuwa ta ci bashi, kafin ta mallaki tarakta ɗaya, ko ƙaramin injin huɗa mai taya biyu, ko tsohuwar a-kori-kura. Da an kawo injin sai a koya wa direba huɗa da juyen mai. Amma in huɗa ta ƙare, aikin injin yakan koma kan hanya: kai taki gona, kwaso hatsi, ɗebo yashi, kai albasa kasuwa. A nan ne ake yawan yin hasara. Tirela ɗaya da ta kife tana iya cinye amfanin shekara, ta bar ƙungiya da bashi, ta bar wani gida ba mai gida.

Ga abin da muke so ku riƙe tun daga farko. Kada a auna kaya da abin da inji zai iya ja. A auna shi da abin da inji zai iya tsayarwa. Tarakta tana iya jan abin da ya ninka nauyinta sau da yawa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, gama abin da ke kan taya ba ya da wuyar ja. Amma in an zo gangare, ko yaro ya gitta, kayan nan su ne za su tura ta.

HANYOYINMU IRI BIYU NE

Ta farko ita ce babbar hanya mai kwalta wadda ta taso daga Sakkwato, ta bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal, ta nufi Jega, har Yawuri da Kwantagora. Wannan hanya ce ta manyan motoci da tankokin mai masu zuwa daga kudu. Hatsarin da ke kanta shi ne bambancin gudu: tarakta tana rarrafe, babbar mota tana zuwa a guje daga baya.

Ta biyu su ne hanyoyin ƙasa na ƙauyuka da gonaki, irin waɗanda ke wajen Sanyinna da Jabo, da Kuchi da Margai, da waɗanda ke gangarawa fadamun Gulbin Zamfara. Da rani rairayi ne, da damina taɓo da zaizayar ruwa. Hatsarinsu shi ne kafewa, da gangaren rafi, da gefen hanya mai zaftarewa.

Kowane lokaci kuma da nasa. Daga Yuni zuwa Satumba ana jan taki cikin laka, ruwa ya fi yawa a Agusta. Da kaka kowa yana gaggawar kwashe amfani, lodi ya yi yawa. Da hunturu hazo yakan rufe hanya. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tsohuwar taya mai ɗauke da kaya fiye da kima takan fashe.

A FARA DA LISSAFI

Yawancinmu ba mu da sikeli, amma mun san nauyin kayanmu. Buhun takin zamani kilo 50 ne, haka ma buhun siminti. Babban buhun gero ko dawa ko masara wajen kilo 100. Durom na ruwa mai lita 200 kilo 200 ne, ban da nauyin durom ɗin. Yashi kuwa mayaudari ne: ya fi hatsi nauyi kusan ninki biyu, in ya jiƙe ya ƙara. Tirelar da ke cika da hatsi daidai, in an cika ta da yashi an yi mata mugun lodi.

Yawancin tirelolin da masu walda ke haɗa mana ba su da birki. Birkin tarakta kaɗai ke tsayar da kome. Ƙa'idar da masu ƙera tarakta suke rubutawa a littattafansu ita ce: tirela marar birki, ita da kayanta duka, kada ta wuce nauyin tarakta sau ɗaya da rabi, kuma kada gudu ya wuce kilomita 32 a awa.

Ga misali. A ce tarakta tana da nauyin kilo 2,500. Sau ɗaya da rabi shi ne kilo 3,750. A ce tirelar da kanta, ba kaya, kilo 1,000 ce. Saura kilo 2,750. Watau buhun hatsi 27, ko buhun taki 55. Wannan kuwa lissafin hanya mai kyau ne, busasshiya. In akwai gangare ko laka a gaba, a rage. Ku duba nauyin taku tarakta a littafinta ko ku tambayi bakanike, ku yi naku lissafi.

A-kori-kura irin su Hilux abin da aka yi su su ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, har da direba da fasinja. Buhun hatsi 10 ke nan in ba kowa a ciki. In mutum shida sun hau, wurin buhu huɗu ya tafi. In kuwa za ta ja tirela marar birki, ƙa'idar da ake bi a Ingila abin koyi ce: tirela da kayanta kada su wuce kilo 750, kada kuma su wuce rabin nauyin motar da ke ja.

Wani zai ce, ai sawu biyu ɓarnar man dizal ne. Gaskiya mai ya yi tsada. Amma ku kwatanta kuɗin man sawu ɗaya da kuɗin taya biyu, da aksil, da kwanakin da inji zai yi a gareji ana tsakiyar aiki. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

INDA AKE ƊAURAWA

A bayan kowace tarakta, can ƙasa, akwai wani ƙarfe mai kauri da rami a bakinsa. Shi ne ƙarfen ja. Tsayinsa daga ƙasa bai kai gwiwar mutum ba, tsakanin santimita 33 da 43. An sa shi ƙasa da aksil ɗin baya, watau ƙarfen da ya haɗa manyan tayoyin nan biyu, kuma da gangan aka yi haka. A nan kaɗai ake maƙala tirela, a nan kaɗai ake ɗaura sarƙa.

Ga dalili. Ƙarfin inji yana juya tayoyin baya. In abin da ake ja ya ƙi motsi, tayoyin kuma suka kama ƙasa, ƙarfin nan ba ya ɓacewa. Maimakon taya ta juya, sai jikin tarakta ya juya a kan aksil, gaba ya tashi sama. In an ɗaura sarƙa a ƙasa, jan yana danne gaban. In an ɗaura ta a kan aksil, ko bayan kujera, ko wurin da ake maƙala hannun garma na sama, jan yana taimakon gaban ya tashi. Masu gwaji sun auna: cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba tarakta takan kai inda ba ta komowa, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta faɗi ta baya a kan direbanta. Ba mai saurin ƙafar da zai dogara ga taka kuloci a wannan lokaci.

Wannan hatsari tsoho ne. Harry Ferguson, mutumin Ailan ta Arewa, wanda har yau sunansa ke jikin Massey Ferguson, ya yi rajistar dabararsa ta haɗa garma da tarakta a 1926, kuma ɗaya daga cikin amfaninta shi ne hana gaban tashi in garma ta ci karo da dutse ko saiwa. Amma hannuwan nan uku na garma ne, ba na sarƙa ba ne. Ƙasar Suwidin kuma tun 1959 ta sa doka kowace sabuwar tarakta ta zo da ƙarfen kariya a kan direba, mutuwar direbobi ta kifewa kuwa ta ragu ƙwarai a can. In taku ta zo da wannan ƙarfe, kada a cire shi domin shiga ƙarƙashin itace ko rumfa, kuma direba ya ɗaura bel. In ba ta da ƙarfen, kada a ɗaura bel.

Sai ƙusar da ke riƙe tirela. Ta zama ƙusar da aka yi domin aikin, mai kauri daidai ramin, da makulli a ƙasanta domin kada ta tsallake a gargada. Guntun rodi da tsohon noti ba ƙusa ba ne. Bayan ƙusa a ƙara sarƙa daga jikin tirela zuwa jikin tarakta, mai ɗan sassauci yadda za a iya shan kwana, amma ba mai jan ƙasa ba. Ga a-kori-kura a sa sarƙa biyu, a gitta su a ƙarƙashin wuyan tirela, domin in ya kuɓuce su tallabe shi kada ya soki ƙasa.

Lokacin maƙalawa kada kowa ya tsaya tsakanin tarakta da tirela inji yana tafiya da baya. Direba ya matso, ya tsaya, ya sa firi, ya ja birki, sa'an nan yaron mota ya shiga ya sa ƙusa. Kafin a kwance tirela kuma a sa mata waigi gaba da baya.

YADDA AKE JERA KAYA

Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama. Hagu da dama su yi daidai. In an kasa kaya kashi 10, kashi 6 su zauna gaban aksil ɗin tirela, kashi 4 a baya.

Ga ƙaramar tirela ta bayan mota, nauyin da ke sauka a wuyanta ya zama wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na dukan nauyin. Tirela mai kilo 700 za ta danne wurin maƙalawa da wajen kilo 70 zuwa 100. Ga gwaji mai sauƙi: in wuyan yana tashi da kansa, ko yaro yana iya ɗaga shi da hannu ɗaya, kaya sun yi baya da yawa. Irin wannan tirela ce ke rawa hagu da dama in an yi gudu, har ta jefar da motar. In kuwa bayan motar ya zauna ƙasa, gabanta ya ɗaga, kaya sun yi gaba da yawa, sitiyari ba zai ji magana ba.

In tirela ta soma rawa, kada a taka birki da ƙarfi, kada kuma a yi ta murɗa sitiyari. A ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari sosai, a bar gudu ya ragu da kansa. Sa'an nan a tsaya a sake jera kayan.

Dammunan dawa da harawa ba su da nauyi sosai, amma sukan yi tsawo. Kaya mai tsawo shi ke kifar da tirela a kwana ko a gefen kwalbati. A ɗaure da igiya ta tsaye da ta gicciye, a kuma lura da wayar lantarki a bakin gari. Tankin ruwa kuwa ko a cika shi ko a bar shi ba kome, gama rabin tanki yana kaɗawa yana tura tirela.

Game da mutane, mun san ranar kasuwa da ranar biki kowa yana neman a rage masa hanya, ƙin ɗan'uwa kuma da nauyi. Duk da haka akwai wurare uku da ba a yarda kowa ya zauna ba ko kaɗan: kan kaya, kan wuyan tirela, da kan murfin tayar tarakta. Wanda ya faɗo daga nan gaban taya yake faɗowa. Tarakta kujera ɗaya gare ta. Yara musamman, kada a ɗauke su ko a cinya.

A KAN HANYA

1. Tarakta tana da birki biyu, na tayar hagu da na tayar dama, domin juyawa a ƙarshen kunya. Kafin a hau hanya a haɗa su da ɗan ƙarfen da aka yi domin haka. In an taka ɗaya kaɗai ana gudu, tarakta za ta juya nan take ta kife.

2. In an ninka gudu sau biyu, nisan da za a ci kafin a tsaya sau huɗu yake ƙaruwa. A bar rata mai yawa tsakani da na gaba.

3. Kafin gangare a tsaya a sa ƙaramar giya, wadda da ita za a hau wannan tudu. Kada a sa firi, kada a taka kuloci a gangare domin tsimin mai. Inji shi ne babban birkin tarakta. Da an sake shi kaya za su kwashe ta, giya kuma ba za ta sake shiga ba.

4. A rage gudu kafin kwana, ba a tsakiyarta ba. A sha kwana da faɗi, gama tayar tirela takan yanke ta ciki.

5. A nisanci bakin rami da bakin rafi. Ƙasar da ruwa ya ci ta ƙarƙashi ba ta nunawa daga sama.

6. Ruwa mai gudu wanda ya kai santimita 60, watau ya ɗan wuce gwiwa, yana iya tafiya da a-kori-kura. In rafi ya kawo, a jira ya janye. Bayan an ƙetare ruwa a tattaka birki a hankali har ya bushe.

7. A bar tafiyar dare. Babbar mota mai gudun kilomita 80 in ta hango tirela mai tafiyar kilomita 20 daga nisan mita 100, daƙiƙa 6 kawai ta rage wa direbanta. Tirela marar fitila kuwa ba a hango ta daga mita 100. A manna jan abu mai ƙyalli a bayan kowace tirela da kowane amalanke, a gyara fitilu. Ga kuma halin tsaro na shekarun nan: a shirya tafiya yadda za a iso gida da sauran rana.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa motar da ke jan wata kilomita 45 a awa. Wannan iyaka ce ta kwalta mai kyau, ba ta hanyar gona ba. Direban tarakta kuma yana bukatar lasisi kamar kowane direba in zai hau titi. Lambar kiran hukumar in an yi hatsari ita ce 122.

ƘARAMIN INJI DA AMALANKE

Ƙaramin injin huɗa mai taya biyu, wanda masu noman shinkafa a fadama ke amfani da shi, yana da wani hali da ya kamata kowa ya sani. A hannuwansa akwai maƙulli biyu na juyawa. A fili, in ka matse na hagu inji ya yi hagu. Amma a gangare, in kaya na tura shi daga baya, abin yakan juye: ka matse na hagu, ya yi dama. Domin haka a gangare kada a taɓa su. A sa ƙaramar giya, a juya da ƙarfin hannu, a yi aiki da birkin tirela.

Amalanken shanu da na jaki su ma tirela ne, dokar kuma ɗaya ce. Kaya su ɗan rinjaya gaba kaɗan. In sun yi baya, karkiya za ta tashi ta shaƙe shanu, jaki kuwa har ƙafafunsa su bar ƙasa. In sun yi gaba da yawa, wuya da gadon baya za su yi gyambo. Dabba ita ce birkin amalanke, saboda haka a gangare mai kora ya sauka ya riƙe ta. Kada a bar wa ƙaramin yaro shi kaɗai amalanke a kan kwalta.

IN MOTA TA LALACE KO TA KAFE

Motar da ke ja kada ta kasa wadda ake ja nauyi. Ƙarfe miƙaƙƙe ya fi igiya, gama ba ya barin ta baya ta daki ta gaba. Kowace ƙungiya mai mota ta sa mai walda ya yi mata ɗaya. In dole sai igiya ko sarƙa, kada tsawonta ya wuce mita 4 da rabi, a ɗaura jan ƙyalle a tsakiya domin kada mai babur ya ratsa. A ɗaura a ƙugiyar da ke jikin shasi. Ba a ɗaurawa a bamba, ko sifirin, ko ƙarfen sitiyari.

Wanda ke cikin motar baya lalle ya zama direba sosai. Ya murɗa makulli yadda sitiyari ba zai kulle ba, ya sa firi. Ya sani in inji ba ya aiki, birki zai yi tauri bayan taki biyu ko uku, sitiyari kuma zai yi nauyi. Aikinsa shi ne ya riƙe igiya a miƙe. Direbobin biyu su shirya alamar tsayawa tun kafin su tashi. Ba fasinja a motar da ake ja. In birkinta ne ya lalace, igiya ba ta da amfani sam, sai ƙarfe ko janwe.

Mota mai giya otomatik, da mai ja da taya huɗu, ba a jansu nesa tayoyi na ƙasa, gama giyarsu takan ƙone in inji ba ya zagaya mata mai. Ko bakanike ya kwance farfela, ko a ɗora ta a kan babbar mota. Babbar mota mai birkin iska kuwa aikin janwe ce.

In tarakta ta kafe a laka, a fara kwance tirela ko a sauke kaya. A haƙe bayan tayoyi, a shimfiɗa itace, a fita da baya. Kada a ɗaure gungume a jikin tayar baya a ce a yi gaba, gama wannan ita ce hanya mafi sauri ta kifar da ita ta baya. In wata ce za ta jawo ta, daga ƙarfen ja za ta ja, a hankali, ba da fizga ba. Sarƙa ko igiya in ta tsinke takan dawo da ƙarfin da zai fasa kan mutum. A yafa mata buhu mai nauyi a tsakiya, 'yan kallo kuma su ja da baya ninki biyu na tsawonta.

ƊORA INJI A KAN BABBAR MOTA

Wani lokaci dole a kai inji Sakkwato ko Jega gyara, ko a ɗauko sabo. Tafiya mai nisa a kan kwalta tana cin tayar tarakta, saboda haka ɗauka ta fi. Amma hawa da sauka su ne wurin hatsari.

Abin da ya fi shi ne tudun lodi. A sami tudu, ko a haƙa rami mai gangare inda babbar mota za ta shiga da baya har bodinta ya yi daidai da ƙasa. 'Yan ƙungiya suna iya yin wannan da aikin gayya na yini ɗaya, ya yi musu shekaru. In kuwa da ƙarfe ko katako za a hau, tsawonsa ya ninka tsayin bodi sau huɗu: bodi mai tsayin mita 1 yana son mita 4. A ɗaure bakinsa a jikin mota domin kada ya zame, a tokare tsakiyarsa. Motar ta tsaya a wuri mai daidai, a ja birki, a sa waigi.

A hau da giya mafi ƙanƙanta, birki biyu a haɗe. Tarakta ta hau da baya in da hali, gama ta haka gabanta ba zai tashi ba. Mutum ɗaya kaɗai zai riƙa nuna wa direba hanya, yana tsaye inda ake ganinsa. Kada kowa ya tsaya a gefe ko a ƙasa da niyyar tarewa. Ba mai tare tan biyu da hannu.

Bayan an hau, a sauke garma ta zauna a bodi, a ja birki, a sa giya, a rufe mai, a zare makulli, a sa waigi. Sa'an nan a ɗaure da sarƙa huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, biyu suna ja gaba, biyu suna ja baya. A ɗaura su a ƙarfen motar, ba a katakon gefe ba. Birkin inji kaɗai ba ya riƙe shi in mota ta tsaya farat ɗaya, kan direba zai zo. Ƙaramin inji da injin ban ruwa su ma a ɗaure su haka, a tsaye, jarkar fetur kuma a ware ta. Kada kowa ya zauna a kujerar injin da aka ɗauka. Bayan 'yan kilomita na farko a tsaya a ƙara ɗaure sarƙoƙi, gama gargada takan sassauta su.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YANKE

Direba shi kaɗai ba zai iya riƙe waɗannan ka'idodi ba in masu kaya suna matsa masa. Yaro ne sau da yawa, mai kayan kuwa sa'an babansa. Saboda haka muna ba da shawara a kawo maganar a taron ƙungiya na gaba, a yanke waɗannan, magatakarda ya rubuta:

1. A rubuta da fenti a jikin tirela yawan buhun hatsi da na taki da za ta ɗauka, a ja layi a ciki inda yashi zai tsaya.

2. Direba yana da ikon ƙin lodin da ya wuce wannan, ko na shugaba ne, ba kuwa za a ga laifinsa ba.

3. A biya direba bisa ga yini ko sawu, ba bisa ga yawan buhu ba. Wanda ake biya da buhu, lodi zai ƙara.

4. Mutum biyu ko uku da aka sani su kaɗai za su tuƙa. Makulli ya kwana wurin wanda aka naɗa.

5. Kowace safiya a duba iskar taya, da notocin wili, da birki, da ƙusa, da sarƙa, da fitila. A rubuta a littafi.

6. Daga kuɗin kowane sawu a ware wani abu domin taya da birki, kada a taɓa shi domin wani abu dabam.

7. A ajiye ƙarfen jan mota, da sarƙa huɗu, da waigi huɗu, da alamar nan mai kusurwa uku, a san wanda ke riƙe da su.

Duk kayan nan ba su kai kuɗin tayar baya guda ɗaya ba. Ku karanta wannan takarda tare da direbobinku da yaran mota, ku fita tare ku duba tirelarku tun kafin aiki ya kankama. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu amfani mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.